Horon Kyauta na Aikin Kula da Kwamfuta: Amsa Ga Wani Ƙanena na Mabera

Wani matashi mazaunin Mabera ya aiko mini da wannan tambaya: "Yaya, shekara biyu ke nan da na gama difloma a fannin kasuwanci, aiki bai samu ba. Ina yawan ganin talla cewa akwai horon kyauta na aikin kula da kwamfuta, wata uku mutum ya gama a ɗauke shi aiki. Ni ba ni da kwamfuta, waya kawai gare ni. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, ta ina zan fara?"

Ƙanena, rabin maganar gaskiya ne. Horon kyauta akwai shi, mai kyau ma kuwa, wanda mu da muka fara wannan sana'a shekaru da dama baya da mun same shi da mun huta da wahala mai yawa. Rabin da ba gaskiya ba shi ne na cewa kana gamawa aiki na jiranka. A nan Sakkwato ban taɓa ganin wanda aka ɗauka aiki don ya gama kallon bidiyo ba. Wanda ake ɗauka shi ne wanda aka ajiye wa kwamfutar da ta ƙi tashi, ya tashe ta a gaban mutane, sannan aka sami wani dattijo ko wani maigida da zai ce, "Na san yaron nan, ba ya taɓa kayan mutane." Karatun intanet zai ba ka ilimin, amma hannu da shaidar kirki sai ka fita ka nemo su. Don haka kwas na kyauta kaɗai ba zai ishe ka ba, sai ka haɗa shi da zaman shago.

Kafin mu je can, ya kamata ka san abin da kake shirin shiga. Mutane suna jin "ICT" sai su ɗauka rubuta manhaja ne ko zama a ɗaki mai sanyi. Mai kula da kwamfutocin ma'aikata shi ne wanda ake kira da ƙarfe takwas da rabi na safe saboda firinta ta ƙi fitar da takardar albashi. Shi ake nema in akawu ya manta kalmar sirrinsa, in imel ɗin shugaba ya daina shigowa, in intanet ya ɗauke ana tsakiyar taro, in an kawo sababbin kwamfutoci ashirin ana so a haɗa su kafin Litinin. Wani lokaci ka hau bene hawa biyu da gudu ka tarar soket ne ba a kunna ba, kuma dole ka kunna shi ba tare da ka sa babban mutum ya ji kunya ba. Mutum zai zo ransa a ɓace yana cewa, "Mi yaf faru da abin ga? Jiya lafiya lau na bar shi." Ba zai iya gaya maka abin da ya lalace ba. Kai ne za ka yi ta tambaya a hankali har ka gano. In kana da saurin fushi, ko kana jin nauyin magana da manya, wannan shi ne darasinka na farko, tun kafin ka riƙe sukudireba.

Tallace-tallacen da kake gani, da yawansu ba mu aka yi wa ba. A Amurka akwai ƙungiyoyi irin Per Scholas, wadda ta fara a unguwar Bronx ta birnin New York a 1995, da wata mai suna NPower, waɗanda suke horar da mutane wannan aiki kyauta, su kuma haɗa su da kamfanonin da ke neman ma'aikata. Na gaskiya ne, amma sharaɗinsu shi ne mutum ya kasance mazaunin can mai izinin aiki. NPower ɗin nan kuma ba ita ce N-Power ta gwamnatin tarayya ba, wadda aka fara a 2016 aka dakatar a watan Oktoban 2023. Na ga matasa sun ɓata mako guda suna cike fom ɗin da ba zai taɓa karɓarsu ba. Ka fara duba ƙasar da aka rubuta a ƙasan shafi.

A gida, mafi girman shirin kyauta shi ne 3MTT, wanda Ma'aikatar Sadarwa ta tarayya ƙarƙashin Dokta Bosun Tijani ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 tare da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, da burin horar da mutum miliyan 3. Rukunin farko mutum 30,000 ne, na biyu 270,000. Karatun wani a intanet ne, wani kuma ana haɗuwa ido da ido a cibiyoyin da aka zaɓa a jihohi. Fannonin da suka fi kusa da abin da kake nema su ne tsaron intanet da kuma sarrafa manyan kwamfutocin nesa, waɗanda kamfanoni suke haya ta intanet maimakon su sayi nasu. Ka yi rajista in an buɗe, ka tanadi lambarka ta NIN. Amma ra'ayina, kada ka zauna jiran sunanka ya fito. Masu nema sun ninka guraben, kuma tsaron intanet ba ya zama a kan wanda bai san yadda kwamfuta biyu suke magana da juna ba. Babban amfanin shirin a wurina shi ne mutanen da za ka haɗu da su a cibiyar. Akwai kuma hukumar NDE mai tsarin tura matasa koyon sana'a wurin masu shago, da asusun horar da ma'aikata na ITF da aka kafa a 1971. Leƙa ofishinsu ka tambaya ba ya cin komai sai kuɗin kabu-kabu.

Inda nake so ka fara a daren yau shi ne Cisco Networking Academy. Kamfanin Cisco ne ya kafa ta tun 1997, kuma tana da kwasa-kwasan da mutum yake yi da kansa, a lokacin da ya ga dama, ba a biyan sisi. Ka fara da Computer Hardware Basics, wanda yake koyar da kayan cikin kwamfuta, ka bi da Operating Systems Basics, sannan Networking Basics. Yawancinsa karatu ne da hotuna da gajerun bidiyo, don haka waya tana ɗaukarsa. Suna kuma ba da wata manhaja kyauta mai suna Packet Tracer, wadda a cikinta za ka ja kwamfutoci da rauta (na'urar da ke rarraba intanet) da kebul a kan allo ka haɗa su, su yi aiki kamar na gaske. Ita wannan sai da kwamfuta, zan zo kan maganar.

Na biyu shi ne kwas ɗin Google IT Support da ke kan shafin karatu na Coursera, wanda ya fito a farkon 2018. An tsara shi ne don wanda bai san komai ba, kuma sun ƙiyasta wata shida ga mai ba shi kimanin awa goma a mako. Ya taɓo tushen aikin, da sadarwar kwamfutoci, da Windows da Linux, da kula da kwamfutocin ma'aikata gaba ɗaya, da tsaro. Asalinsa na kuɗi ne, ana biya wata-wata, amma Coursera tana da tsarin neman tallafi: ka rubuta halin da kake ciki da abin da kake so ka yi da karatun, ka jira kimanin mako biyu. Kowane ɓangare na kwas ɗin ana nema masa tallafi daban, don haka kana cikin na ɗaya ka nemi na biyu, kada jira ya katse maka tafiya. Ka rubuta gaskiyar halinka da Turancinka, kada ka kwafi na wani. Sai kuma wani malami a YouTube da ake kira Professor Messer, wanda ya ɗora dukkan darussan jarrabawar CompTIA A+, wato ta shaidar ƙwarewa a wannan sana'a, kyauta, kashi-kashi. Microsoft Learn ma kyauta ne. Kada ka buɗe su duka lokaci guda. Mai kwas biyar a buɗe ba ya gama ko ɗaya. Ka kama Cisco ka kai shi ƙarshe tukuna.

Kalmar "kyauta" kuma tana da abin da take ɓoyewa. Ba a karɓar kuɗin makaranta, amma data kai za ka saya, kuma bidiyo yana shan ta kamar ruwan sanyi a watan azumi. Ka rage ingancin hoton, ka yi amfani da datar dare mai araha ka sauke darussa, ka kalle su da rana. Caji ma lissafi ne a garin da wuta take zuwa ta koma. Sai lokaci, wanda ya fi duka tsada. Awa biyu kullum bayan sallar Asuba, kafin zafi ya taso kuma kafin aike-aiken gida su fara, sun fi awa goma na ranar Lahadi kaɗai. Sannan karatun duk da Turanci ne. In ka tsinci kanka kana karanta layi sau uku ba ka gane ba, kada ka karaya. Kalmomin sana'ar ba su da yawa, kuma suna maimaita kansu. Ka buɗe littafi ka riƙa rubuta kowace sabuwar kalma da ma'anarta da Hausa kamar yadda kai ka fahimce ta. Ranar da ka iya bayyana wa mahaifiyarka bambancin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, da rumbun ajiya da Hausa har ta gane, to ka san shi.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci. Ka nemi shagon gyaran kwamfuta mai ciniki, ka roƙi a bar ka ka zauna. Kada ka je kai kaɗai. Ka sa babanka ko kawunka ko limamin unguwarku ya kai ka, kamar yadda ake kai yaro koyon ɗinki ko kanikanci, don mai shago kayan mutane yake riƙe da su, ba zai sake wa baƙo ba. Ka faɗa masa ba kuɗi ka zo nema ba. Makonnin farko shara za ka yi, da aike, da riƙe fitila. Ka yi haƙuri da wannan, idonka na kan hannunsa. Za ka ga yadda ake buɗe laftof ba tare da an karya ƴan maƙallan roba ba, yadda ake jera sukurori don kada dogo ya shiga ramin gajere ya huda allo, yadda ake cire batir kafin a taɓa komai, yadda ake gwada caja da mita kafin a zargi kwamfutar. Waɗannan ba a koyonsu a waya. Gani ya kori ji.

Sai dai zaman shago yana da wata cuta da nake so karatunka ya kare ka daga ita, ita ce fomatin, wato goge duk abin da ke cikin kwamfuta a sake girka mata manhaja. Kwamfuta ta yi nauyi, a yi fomatin. Ta nuna shuɗin allo, a yi fomatin. Sauti ya ɗauke, a yi fomatin. Yana da sauri, ana samun kuɗi nan take, amma mai yin sa ba ya taɓa sanin abin da ya lalace. Lokacin da nake koyo, wata ɗaliba ta kawo laftof ɗinta wani shagon da nake zama, ta ce ta ƙi shiga. Babban yaron shagon bai tambaye ta komai ba ya goge ta tas. Da ta dawo da yamma ta tambayi ina aikin bincikenta na kammala digiri, shagon ya yi tsit. Babi huɗu ne, ba ta da kwafi a ko'ina. Har yau ina tuna yadda ta zauna a kan benci ta kasa magana. Abin da ya fi ci mini rai daga baya, da na ƙara sani, shi ne cire rumbun a jona shi da wata kwamfutar a kwashe mata komai ba zai wuce rabin awa ba. Tun daga ranar ban taɓa kwamfutar mutum ba sai na tambaye shi: me ke ciki wanda in ya ɓace za ka shiga uku? Kuma sai na kwafe shi.

Abin da kwas zai koya maka, wanda shago ba ya koyarwa, shi ne bin matsala daki-daki. Ka fara tambayar me ya canza tun lokacin da abin yake aiki. Ka yi zato ɗaya, ka gwada shi shi kaɗai, in bai ci ba ka mayar da abin yadda yake ka gwada na gaba. Ka fara da mai sauƙi da araha kafin mai wuya. In ka gyara, ka sa mai kayan ya gwada da hannunsa a gabanka, sannan ka rubuta abin da ka yi. Ma'aikata ba ta son mai fomatin, don kwamfutar akawu ba abin gogewa ba ce.

Garinmu kuma yana da nasa darasin da malaman Amurka ba za su ba ka ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Sakkwato yana haura digiri 40, kuma kafin nan hunturu ya riga ya cika cikin kowace kwamfuta da ƙura. Ƙurar tana toshe ƴan ƙarafan da iska take bi ta fitar da zafi, fanka ta yi ta kuka a banza, kwamfutar ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, in abin ya yi yawa ta mutu ɗif. Mai ita zai ce bairos ne. Sau da yawa buroshi mai laushi, da bulowa, da sabon man da ake shafawa a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar su ne maganin. In kana hura iska ka danne fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Ka lura da batirin da ya kumbura ya ɗaga kibod, wannan ba a danna shi ba a huda shi, cire shi ake yi. Sai wuta. Kayanmu an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 230, amma abin da yake shigowa, musamman lokacin da ake sauyawa daga layin gwamnati zuwa janareta, yana hawa yana sauka. Shi yake kashe caja da tukunyar wutar kwamfutar tebur da rauta. Saboda haka a nan, mai kula da kwamfuta da bai san situbilaiza da inbata da batir da sola ba, rabin ma'aikaci ne. In ka sami mai haɗa sola da zai bar ka ka bi shi aiki ko sau biyar ne, ka bi shi. Ka iya lissafin kwamfuta nawa inbata za ta ɗauka na awa nawa, za ka ga yadda shugaban makaranta zai saurare ka.

In ka tambaye ni abu ɗaya da yake raba mai gyara a shago da wanda ma'aikata take ɗauka, zan ce sadarwa ce. Masu canza sikirin suna da yawa. Masu iya ja wa ofis kebul, su haɗa kwamfutoci da firinta ɗaya, su gano dalilin da ya sa intanet ya ɗauke, ba su da yawa. Ga misalin irin tunanin. An ce maka intanet ba ya yi. Ka fara tambaya: kwamfuta ɗaya ce ko duka? In duka ne, matsalar tana wurin rauta ko wurin kamfanin da ke ba da layi. In ɗaya ce, ka buɗe baƙin allon umarni ka rubuta ipconfig, zai nuna maka adireshin kwamfutar. In adireshin da ka gani ya fara da 169.254, kwamfutar ta nemi adireshi daga rauta ba ta samu ba, ta ƙirƙiro wa kanta, to ka duba kebul ko haɗin waya-fai. In adireshin daidai ne, ka rubuta ping 8.8.8.8. In ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, hanya lafiya take, mai fassara sunayen shafuka zuwa lambobi ne, wato DNS, ya sami matsala. Minti uku ka ware inda ciwon yake, ba ka kwance komai ba. Ka koyi matse kan kebul da hannunka har ka haddace jerin launuka takwas ɗin, ka kuma san cewa kebul ɗin tagulla irin Cat6 ba ya wuce mita 100 ba tare da an sa na'ura a tsakani ba. Na taɓa zuwa wata makaranta da aka ja kebul guda daga ofishin shugaba har ƙarshen fili, ana ta canza kwamfuta ana zargin ta.

Maganar rashin kwamfuta: wata biyu na farko wayarka da kwamfutocin shago sun ishe ka. Bayan nan kana buƙatar taka, wadda za ka lalata ka gyara ba mai yi maka faɗa. Ba sai sabuwa ba. Tsohuwar laftof irin ta ofis, Dell Latitude ko HP EliteBook ko Lenovo ThinkPad, mai RAM gig 8 da rumbun SSD, ta wadatar, kuma maigidanka na shago zai fi kowa sanin inda za a samo mai lafiya. Ka sa manhajar VirtualBox, mai ƙirƙirar kwamfutar gwaji a cikin taka, kyauta ce, ka girka Ubuntu, wani nau'in Linux, a ciki, ka kuma sauke Windows Server na gwaji wanda Microsoft take bari a yi amfani da shi kwana 180. A nan za ka koyi buɗe wa ma'aikata asusu, da sake kalmar sirri, da hana wani ganin fayil ɗin wani, wato ainihin aikin ofis na kullum. Wani abu kuma da ya dace ka sani: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 tana buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Ofisoshi da makarantu cike suke da irin waɗannan. Wanda zai iya dubawa ya ce wannan za ta hau, wannan a ƙara mata RAM, wannan sai dai Linux ko a sauya ta, yana da abin faɗa.

Takardar shaida kuwa, kada ka ci bashi a kanta yanzu. Ta kammala kwas ɗin Cisco da ta Google suna nuna ka yi karatu, kuma sun isa ka sa a takardar neman aiki. CompTIA A+ ita ce aka fi sani a duniya a wannan mataki, amma jarrabawa biyu ce, kowace fiye da dala 200, ana neman maki 675 a ta farko da 700 a ta biyu cikin 900, kuma bayan shekara uku sai an sabunta. Ka juya wannan zuwa naira ka gani. Cisco tana da wata ƙaramar jarrabawa mai suna CCST a kan dala 125. Shawarata ka karanta manhajar A+ duka kamar gobe za ka zauna, don ita ce taswirar sana'ar, amma biyan kuɗin ka bari sai aiki ya fara kawo wani abu, ko ka sami ma'aikatar da za ta biya maka. Ƙungiyoyin ƙasashen waje da bankuna suna duba ta. Mai makaranta a Arkilla ko mai asibiti a Runjin Sambo ba zai tambaye ka ita ba, zai ce ga kwamfutar nan, duba mana.

Wuraren aikin suna nan, ko da yake ba a cika tallata su ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma kowace cibiya tana da ɗaruruwan kwamfutoci a haɗe da dole su tashi lokaci guda. Kafin jarrabawa da lokacinta suna neman hannu, kuma mako biyu a irin wannan wuri ya fi wata uku na karatu. Akwai Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da kamfanin siminti na Kalambaina, da bankuna, da ƙungiyoyin agaji masu ofis a gari. Lokacin zaɓe hukumar INEC takan ɗauki ma'aikatan wucin gadi da ake kira RATECH don kula da na'urar BVAS. Ƙananan wurare ma kada ka raina su: makarantu masu zaman kansu, da shagunan magani, da otal-otal, waɗanda ba za su iya ɗaukar ma'aikaci na dindindin ba amma za su biya wanda zai riƙa leƙo su sau ɗaya a mako. Uku ko huɗu irin waɗannan sun zama albashi. In ka fita ƙananan hukumomi, irin Tambuwal ko Gwadabawa ko Wurno, masu wannan aiki sun fi ƙaranci, kayan da suka lalace sai an ɗauko su zuwa birni. Kuɗin farko kaɗan ne, kada in ruɗe ka. Diflomarka ta kasuwanci kuma ba asara ba ce. Mai gane abin da akawu yake nufi in ya ce lissafinsa bai daidaita ba, kuma ya iya Excel sosai, ya fi wanda waya kawai ya sani amfani a ofis.

Af, in kana da ƙanwa mai sha'awa, ka ja ta ku yi tare. Makarantun ƴan mata da mata masu kasuwanci daga gida suna buƙatar wannan aiki, kuma mace takan fi sakin jiki ta miƙa wayarta ko kwamfutarta ga mace ƴar'uwarta.

Wannan ya kawo ni kan amana, wadda a kanta na ga mutane masu hannu sun rasa sana'ar. Kwamfutar mutum cikinsa ce. Za ka ga hotunan iyalinsa, da albashin ma'aikata, da sakamakon gwajin asibiti, da wasiƙun da ba a so kowa ya gani. Ba ka buɗe abin da gyara bai kai ka ba, abin da idonka ya faɗa a kai kuma ba ya fita bakinka, ko a majalisar abokai. Kada ka riƙe kalmar sirrin kowa. In ka gama, ka sa mai ita ya canza a gabanka kana kallon gefe. Kada ka cire RAM mai kyau ka sa mara kyau, kada ka ce ka canza abin da ba ka canza ba. Na san wani matashi da ya fi ni iya aiki nesa ba kusa ba, ya kwafi hotuna daga wayar wata baiwar Allah, maganar ta fita. Ba wanda ya sake ba shi ko filas ya riƙe. Sakkwato a wannan fanni ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa. Banda haka akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma dukansu suna hawa kan mai irin aikinmu. Za kuma a zo maka da wayar da aka kulle ko laftof mai kalmar sirri a ce ka buɗe. In babu rasit ko shaidar mallaka, ka ba da haƙuri.

Game da tallan da ka gani, ga yadda za ka auna shi. Duk horon da aka ce kyauta ne amma aka nemi kuɗin fom, ko kuɗin tantancewa, ko kuɗin riƙe gurbi a tura asusun wani mutum, ka bar shi. Shafin gwamnatin tarayya yana ƙarewa da gov.ng, ba saƙon WhatsApp ba ne mai cewa ka tura wa mutum goma. Ba mai horo na gaskiya da zai nemi lambar BVN ɗinka tare da lambar sirrin da banki ya turo maka. In kuma cibiya ce a cikin gari, ka je da ƙafarka ka ƙirga kwamfutocin da suke aiki, ka tambaya ko ɗalibai suna buɗe cikinsu ko kallon allo kawai suke yi, ka nemi a haɗa ka da mutum biyu da suka gama bara ka ji inda suke yanzu.

Ka sayi littafi mai kauri gobe. Kowace kwamfuta da ta bi ta hannunka ka rubuta kwanan wata, da irinta, da abin da mai ita ya ce, da abin da ka gwada, da abin da ya zama shi ne matsalar, ba tare da sunan mai ita ba. Duk lokacin da aka sa ni tantance masu neman aiki, nakan zare RAM kaɗan daga mazauninsa, in sassauta kebul ɗaya, in ce bismillah. Abin da nake kallo shi ne ko mutum zai yi tambaya kafin ya kai hannu, da ko zai kashe wuta kafin ya buɗe. Wanda ya zo mini da littafi mai gyara sittin ko saba'in a rubuce, nakan zauna in karanta shi shafi-shafi. Ka yi rajistar Cisco yau da dare, ka yi wa kawunka maganar shago kafin Juma'a, in ka cika shafi goma na farko ka kawo mini mu duba tare.